Kada ka buɗe inji sai ka san inda baƙin mai ke tafiya



Kaka ta yi. Hatsi ya shiga rumbu, wake da gujiya suna jiran kasuwa. Yanzu ne motar ƙauye take ganin aiki: daga Gidan Amumun da Isawan da Kanan Bakashe zuwa Mayahi, daga Urafan da Korgom zuwa Tasawa. Motar nan da ke ɗaukar buhuna da rana, ita ce kuma ake bugun ƙofar mai ita da tsakar dare in mace tana naƙuda za a kai ta likita. Ranar da ta kwanta, ƙauye duka ya ji a jikinsa.

Yawancin motocin nan sun tsufa. Akwai Land Cruiser mai esansi, mai silinda 6. Injinta da ake ce wa 2F, mai girman lita 4.2, ya fito tun 1975. Bayansa 3F ya zo, sannan 1FZ mai lita 4.5. Akwai tsohuwar Land Rover. Akwai a-kori-kura Peugeot 404 da 504, irin waɗanda aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975. Wasu cikinsu sun girmi direban da ke tuƙa su.

Kukan masu su ɗaya ne: “Motata tana shan baƙin mai.” Amsar da suke samu ita ma ɗaya ce: “Sagiman ne, sai an buɗe inji.”

To, ga ra'ayina. Kada ka yarda a kwance maka inji sai an nuna maka, ido da ido, hanyar da man yake bi. Buɗe inji shi ne gyara mafi tsada, don haka shi ya kamata ya zo ƙarshe. Mu kuwa da shi muke farawa.

Na san wani mutum a arewacin Mayahi, ba zan faɗi sunansa ba. Motarsa tana cinye mai. Aka ce masa zobban fistan ne. Ya sayar da sa guda cikin biyun da ke ja masa amalanke, ya sayi kayan gyara. Mota ta yi makonni a garaji, kasuwannin kaka suka wuce shi. Da ta dawo, mai ya ci gaba da raguwa kamar jiya. Ashe ƙaramin bututun da inji ke numfashi da shi ne ya toshe, iska ta rasa mafita, tana turo mai ta robar bayan inji. Gyaran bai kai kuɗin akuya ba. San kuwa ya riga ya tafi.

Baƙin mai ba ya ɓacewa haka kawai. Hanya uku gare shi: ko ya zuba ƙasa, ko ya ƙone ya fita cikin hayaƙi, ko ya gauraya da ruwan inji. Kowace hanya da alamarta, kuma yawancin alamun nan kai da kanka kana iya ganinsu, ba sai ka biya ko dala ba.

Fara da awo

“Tana sha da yawa” ba lissafi ba ne. Lita nawa, cikin kilomita nawa?

Nemi wuri mai daidai, ba kan tudun rairayi ba. Ka riƙa ajiye motar nan kullum. Da safe, tun ba a tada inji ba, zare sandar awon mai, ka goge ta da tsumma mai tsabta, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarewa. Cika mai ya kai zanen sama daidai, kada ya wuce. Rubuta kwanan wata da lambar kilomita a littafi. Duk man da ka ƙara daga baya, ka rubuta shi. In agogon kilomita ya mutu, ƙidaya zuwa kasuwa: zuwa Mayahi nawa, zuwa Maraɗi nawa.

Littattafan masu ƙera motoci da yawa sun sa lita 1 cikin kilomita 1,000 a matsayin iyaka. Tsohon babban inji da bai wuce haka ba, bai kai ga buɗewa ba. Ka tuna kuma da hanya. Motar da ta yini cikin rairayin Gulbin Kaba da ƙaramar giya, inji yana kururuwa, kaya har sama, dole ta sha mai fiye da wadda ta bi kwalta daga Tasawa zuwa Maraɗi. Ka gwada tafiya da irinta.

Abu biyu suna ruɗa awo. Na farko, cikawa fiye da kima. Karen mota yakan ce gara a ƙara kaɗan don tsaro. Man da ya wuce zane, inji zai kaɗa shi ya yi kumfa, ya watsar da shi. Gobe ka ga ya ragu, ka sake cikawa, ka ce mota ce ke sha. Na biyu, esansi cikin mai. In karbureta tana ambaliya, ko fatar famfon esansi ta tsage, esansi yakan sauka cikin baƙin mai. Sanda za ta nuna cike, ko ma ta hau. Ranar da ka yi doguwar tafiya inji ya yi zafi, esansin ya tashi, sai ka ga mai ya faɗi gaba ɗaya. Shinshina sandar. In ka ji warin esansi, man kuma ya tsinke kamar ruwa, a gyara karbureta ko famfo tukuna, a juye man.

Duba ƙasa kafin ka duba hayaƙi

Wanke inji ya fita tas. Da dare ka shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙarƙashinsa. Da safe ka duba inda ɗigo ya faɗi. Sannan ka tada inji ya yi zafi, ka leƙa da tocila, amma ka nesanta hannunka da rigarka daga fanka da bel. Akwai yoyon da ba ya fitowa sai inji yana aiki. Ƙurar ƙasarmu ma tana taimakonka: bayan tafiya guda, duk inda mai ya tsattsafo za ka ga ƙura ta manne ta yi baƙi.

Wuraren da aka fi samu su ne: bakin murfin saman inji, bakin kaskon mai na ƙasa, ƙusar juye mai, gindin matatar mai, ɗan abin da ke kunna jar fitilar mai, da robar gaba da ta bayan inji. Mai ƙasa yake gangarowa, iskar tafiya kuma baya take tura shi. Saboda haka ka bi sawunsa zuwa sama da gaba, har inda ya faro.

Kada ka raina ɗigo. Lita guda ɗigo ne wajen 20,000. In mota tana zubar da ɗigo ɗaya kowane sakan, kamar bugun zuciya, cikin awa guda ɗigo 3,600 ke nan. Cikin awa 6 lita ta tafi, ba tare da hayaƙi ko kaɗan ba. Da yayyafi kogi kan cika.

In ka tarar mai yana tsattsafowa ta ko'ina a lokaci guda, ko ka buɗe tukunyar matatar iska ka tarar da mai inda bai kamata ba, tuhumi bututun numfashin inji. Kowane inji yana tara iska a cikinsa, kuma an yi mata hanyar fita daga murfin sama ko daga gefen inji. A wasu injuna akwai ɗan bawul a hanyar. Cire shi ka girgiza: mai lafiya yakan yi ƙara kamar caki. In ya toshe, iska tana turo mai waje. In ya maƙale a buɗe, inji yana zuƙar mai ya ƙona. Wankewa ko sabo, abin kaɗan ne.

Hayaƙi yana magana

Ka sa wani ya tuƙa, kai ka tsaya baya, ko ka bi motar a kan babur.

Baƙin hayaƙi esansi ne ya yi yawa: karbureta, ko matatar iska ta toshe. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, ruwan lagireto kuma yana raguwa, ruwa ne ke shiga wuta. Hayaƙin baƙin mai shuɗi ne, mai ƙauri, yana daɗewa cikin iska.

In shuɗi ne, lura da lokacin da yake fitowa. Nan asirin yake.

In da safe ne ya turnuƙe sannan ya wuce. Ko mota ta daɗe tsaye inji yana aiki, da an taka totur ya fito. Ko bayan an gangaro tudu ƙafa ba ta kan totur, da an sake takawa ya fito: wannan man daga sama yake sauka. Ƙananan robobin da ke wuyan bawul, wato supap, su ne suka bushe. Zafi da tsufa suna mai da su kamar busasshiyar fata. Gwanin makaniki yana iya sake su ba tare da ya ɗaga kan inji ba: a tura igiya mai laushi ta ramin buji, ko iska mai ƙarfi, ta riƙe bawul kada ya faɗa ciki. Aikin yini guda ne. Sai fa in hanyar da bawul ke bi ta cinye, sannan a ɗaga kan inji, amma duk da haka ba a taɓa fistan.

In kuwa hayaƙin ba ya yankewa, yana ƙaruwa sa'ad da mota ke hawan tudu da kaya, ƙarfinta kuma ya ragu, to daga ƙasa man yake hawowa. A nan ne ake tuhumar zobban fistan, waɗanda masu gyara ke ce wa sagiman, a Najeriya kuma ringi.

Masu tsohuwar matatar iska irin mai kaskon mai, kamar ta Land Rover ta da, ku duba ta. In aka cika kaskon ya wuce zane, inji yana zuƙar man ya yi hayaƙi, a ɗora laifi kan sagiman.

Buji shaida ne

Bari inji ya huce. Cire buji duka, ka jera su a kan tabarma bi da bi, na ɗaya zuwa na shida, kada su cuɗe. Mai lafiya launin ƙasa gare shi, a bushe. Baƙi busasshe kamar kunkunniya, esansi ne. Baƙi jiƙaƙƙe mai maiƙo, ko wanda toka ta daskare a bakinsa, baƙin mai ne. In ɗaya ko biyu kaɗai suka ɓaci, cutar tana silindarsu, a nemi abin da ya same su. In duka shida ne, ko dai inji ya tsufa gaba ɗaya, ko man yana shigowa ta hanyar da duka ke zuƙar iska, sai a koma kan bututun numfashi.

Sannan ka tada inji ya yi zafi, ka buɗe murfin zuba mai a hankali. Ɗan tururi ba laifi. In yana huci da ƙarfi kamar zuga-zugin maƙeri, wuta tana ratsa zobba tana sauka ƙasa. Duba cikin murfin da sandar awo kuma. In mai ya koma kamar shayi da madara, ko ka ga maiƙo a bakin lagireto bayan inji ya huce, ruwa da mai sun haɗu. Mafi yawa shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa ce ta ƙone, wadda ake ce wa jowan kilas. Wannan motar kada ta sake ɗaukar kaya sai an gyara.

Agogon matsi

Awo na ƙarshe na makaniki ne. Akwai wani ɗan agogo da ake ɗaurawa a ramin buji, yana nuna ƙarfin matsin kowace silinda. Inji da zafinsa, buji duka a waje, an cire wutar bobin, totur a take har ƙasa, a juya inji da batir. A rubuta lambar kowace silinda. A injin 2F, littafin Toyota ya sa 10.5 ga mai lafiya, kada ya gaza 8, bambancin wata silinda da wata kuma kada ya wuce 1.

In wata ta yi ƙasa, a zuba mata baƙin mai cokali guda ta ramin buji, a sake awo. In lamba ta hau sosai, zobba ne ko jikin silinda, domin man ya toshe ɓarakar na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, bawul ne ko jowan kilas. In biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, jowan ne ya ƙone a tsakaninsu.

Agogon nan shi ma yana da iyaka. Kowane fistan yana da zobban matsi a sama, da zoben share mai a ƙasa. Zoben share mai yana iya maƙalewa da datti alhali matsi yana da kyau. Don haka ba a yanke hukunci da shaida guda. A haɗa littafi, da takardar ƙasa, da hayaƙi, da buji, da agogo. In bakinsu ya zo ɗaya, a buɗe inji da zuciya ɗaya. In an buɗe kuma, a auna jikin silinda. Sabon zobe cikin silindar da ta cinye, zuba ruwa ne a rariya.

Abin da za a ce mini

Wani zai ce: “Tsohuwar mota dole ta sha mai, a yi ta ƙarawa kawai.” Akwai gaskiya a ciki. In shan bai wuce kima ba, buji ba sa mutuwa, ƙarfi yana nan, ƙara mai ya fi buɗe inji sauƙi. Yi lissafinka: kuɗin man da kake ƙarawa a shekara, da kuɗin gyara haɗe da kasuwannin da za ka rasa. Amma ba za ka iya lissafin nan ba sai da littafi. Ka sani kuma jar fitilar mai ba ta faɗin mai ya ragu. Sai famfo ya rasa abin turawa take kamawa, lokacin kuwa ƙarfe ya soma cin ƙarfe. Babban injin Land Cruiser yana ɗaukar lita 7 zuwa 8, wannan ne ke sa direba sakin jiki. Duba sanda kowace safiya, kamar yadda kake duba dabbobinka kafin su fita kiwo.

Wani zai ce: “Mai kauri yana magance shi.” Mai lamba 20W-50 ya dace da tsohon inji cikin zafin bazara, kuma yakan rage sha kaɗan. Ba ya mai da ƙarfen da ya cinye. Abin da nake roƙonka ka bari shi ne tsohon man da aka juye daga wata mota, wanda ake sayarwa a kwalba. Akwai garin ƙarfe da rairayi da esansi a cikinsa. Na san dalili: kuɗi. Matatar SORAZ ta Damagaram, da aka buɗe a 2011, esansi da gazuwal da gas take fitarwa, baƙin mai daga waje yake zuwa. Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma, esansin bakin hanya ya bar arahar da aka saba, mai mota yana neman inda zai rage. Amma araha ba ta ado. Wanda ya zuba wa injinsa tsohon mai, da hannunsa yake kiran buɗe injin da yake gudu.

Makaniki kuma zai ce: “Ni na san ciwon mota da kunne, shekara talatin ina aikin nan.” Malam makaniki, ba mu raina saninka ba. Ba don ku ba, da motocin nan sun daɗe da zama wurin kwanan kaji. Sau da yawa ma mai mota ne ke zuwa da gaggawa yana cewa a buɗe. Amma gani ya kori ji. Agogon matsi bai kai kuɗin gyaran inji guda ba. In garaji ɗaya bai iya sayensa, masu garaji na gari su haɗa kuɗi su sayi guda. Ƙungiyar manoma da ke da mota ita ma ta sa shi cikin kayanta, tare da littafin awo a hannun mutum ɗaya amintacce. Makanikin da ya nuna wa mai mota lamba a rubuce, ya ce masa “gyaranka ƙarami ne”, ya rasa kuɗin yini ɗaya, ya sami ƙauye guda.

Ƙura ce uwar ciwon

In ma an tabbatar zobba ne, tambayi kanka abin da ya cinye su. A ƙasarmu amsar ita ce rairayi. Babban inji yana zuƙar iska dubban lita domin kowace lita ta esansi da ya ƙona. In matatar iska ta yage, ko an huda ta don mota ta “sami numfashi”, ko robar da ke tsakaninta da karbureta ta tsage, ƙurar hunturu tana shiga kai tsaye. Ta haɗu da mai, ta zama dutsen niƙa tsakanin zobe da silinda. Sabon gyara ma ba zai kai wata kaka ba.

Saboda haka, matatar takarda a kakkaɓe ta a hankali, a haska ta da tocila. In haske ya ratsa ta wata ɓaraka, ta gama aiki. Kada a wanke ta da esansi. Mai kaskon mai kuwa a wanke ta, a zuba sabon mai daidai zane. Mazurari da galan a rufe su daga ƙura. A goge bakin murfi kafin a zuba mai. A juye mai da wuri a lokacin hazo, a sake matatarsa tare. A kula da ruwan lagireto, domin inji ya tafasa sau ɗaya yana iya kashe ƙarfin zobba ya busar da robobi. Man da aka juye kuma kada a zubar da shi kusa da rijiya ko a gona.

Ya ɗan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka jira sai mota ta tsaya maka tsakanin Sarkin Hausa da Mayahi da buhu talatin a baya. Gobe da safe ka nemi littafi da takardar buhun siminti. Bayan kasuwa huɗu za ka san lita nawa take sha, da inda take kai shi. Sannan ka tafi garaji da littafinka a aljihu, san amalankenka kuma yana ɗaure a turkensa.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai mu gida lafiya.